CANJA ROTIL NA GABAN MOTA A GIDA: ABIN DA YA KAMATA FALKE YA SANI

'Yan uwa fatake da dillalai, a wannan fitowa za mu yi magana ne a kan wani ɗan ƙarfe da bai fi cikin tafin hannu ba, amma shi ne yake riƙe da tayar gaba ta motar da kuke hawa. Kanikawan Abijan da na Nijar suna ce masa rotil, na Kano da Kaduna kuma suna ce masa bol-joyin. Duk abu ɗaya ne. Da yawa daga cikin 'yan ƙungiya da ke sauka a Adjamé, wajen 220 Logements, ko kuwa a Treichville, suna da akori-kura ko ƙaramar bas da suke kai-komo da ita, tsakanin masauki da kasuwa da kuma hanyar arewa. Tambayar da ake yawan yi ita ce, shin mutum zai iya canja wannan ƙarfe da kansa a ƙofar gida, shi da yaron motarsa?

Amsa ita ce zai iya, amma da sharaɗi uku. Na ɗaya, ya san irin rotil ɗin da ke jikin motarsa. Na biyu, yana da abin tokare mota na ƙwarai, ba jak kaɗai ba. Na uku, ya kai aikin har ƙarshe, watau har zuwa saitin tayoyi. In ɗaya daga cikin ukun nan ya ɓace, to, gareji ya fi masa araha.

A lura, ba maganar tirelolin da ke ɗauko shanu muke yi ba. Su manyan motoci gatarinsu na gaba sanda ɗaya ce, kuma tayar tana juyawa ne a kan wani ƙaton fil na ƙarfe da ake kira kinfin. Wannan aikin babban gareji ne. Haka nan Land Cruiser 70 da tsofaffin Hilux masu jan ƙafa huɗu waɗanda gatarinsu na gaba guda ne, su ma ba irin wannan rotil gare su ba. Maganarmu a kan ƙananan motoci ce, da Hiace, da sauran akori-kura waɗanda kowace tayar gaba take da nata hannun ƙarfe.

MENE NE ROTIL?

Duk wanda ya taɓa tsayawa wurin mahauta ana fiɗa ya ga kan ƙashin cinyar sa, mulmulalle kamar ƙwallo, yana zaune cikin ramin kwatangwalo. To, haka rotil yake. Ƙwallon ƙarfe ne mai dogon wuya, yana zaune cikin ƙoƙon ƙarfe, an cika tsakaninsu da giris, sa'an nan aka rufe bakin da roba. Ƙoƙon yana jikin hannun ƙarfen da ya fito daga shasi, wanda kanikawan Abijan ke kira tiriyangil. Wuyan kuma yana shiga cikin ƙarfen da ke ɗauke da taya, wanda za mu riƙa ce wa mariƙin taya. A wasu motocin akan juya su, ƙoƙon ya koma jikin mariƙin taya. Da wannan gaɓa ne taya take iya hawa da sauka a kan gargada, kuma a lokaci guda ta juya dama da hagu in an murɗa sitiyari.

Wata mota rotil ɗaya gare ta a kowane gefe, a ƙasa. Wata kuma biyu, sama da ƙasa, kamar Hiace da yawancin akori-kura na yanzu. A mota mai biyu, ɗaya daga cikinsu shi ke ɗauke da nauyin mota, watau na jikin hannun da sifirin ko sandar toshin take dannawa. Shi ne ya fi saurin ci, kuma shi ne ya fi haɗari.

Kada a rikita shi da ɗan uwansa na sitiyari. A faransanci duka biyun rotil ake ce musu, sai dai wannan na suspansiyon ne, wancan na direksiyon, wanda a Nijeriya ake kira tayarod. In ka je sayayya ka ce rotil kawai, ana iya miƙo maka wanda ba shi kake nema ba.

ABIN DA KE KASHE SHI

Sai bango ya tsage ƙadangare ke samun wurin shiga. Mutuwar rotil daga robar bakinsa take farawa. Muddin roba ta tsage, giris zai fita, ruwa da ƙura su shiga, su riƙa goge ƙwallon kamar yadda yashi ke cin tukunya. Mu kuwa duka biyun muna da su a wadace. Abijan tana shan ruwan sama mai yawa daga Mayu zuwa Yuli, ta ƙara wani a Oktoba da Nuwamba, kuma mahaɗar Indénié, nan ƙasan 220 Logements, ta shafe shekaru ana saninta da ambaliya. Mota ta ratsa ruwa yau, jibi ta hau arewa ta shiga jar ƙurar hanyoyin kasuwannin ƙauye. Ruwa da ƙura in suka haɗu cikin ƙoƙon, aikin gama ya gama.

Sai lodi. Buhunan dusa, da harawa, da jarkokin ruwa, da raguna lokacin layya, da mutum biyar a gaba da baya, duk a kan waɗannan gaɓoɓi suke sauka duk lokacin da aka taka birki ko aka faɗa rami. Sai kuma tudun rage gudu da ake yi a bakin ƙauyuka, wanda direba mai sauri yake hayewa ba tare da ya sassauta ba.

Babbar hanyar arewa ta kai Yamoussoukro a 2013, ta kai Bouaké a 2023. Wannan ya rage wahala, amma ya ƙara gudu, kuma a kan gudu ne tsinkewar rotil take kisa. Motar da ke tafiyar kilomita 80 a awa tana cin mita 22 a kowace daƙiƙa. In ƙwallon ya fice daga ƙoƙonsa, tayar sai ta kwanta ko ta lanƙwashe ta shige ƙarƙashi, gaban mota ya dafa kwalta, sitiyari ya daina jin magana, wani lokaci har tiyon birki ya tsinke. Daga Adjamé zuwa iyakar Barkina Faso, ta Katiola da Ferkessédougou da Ouangolodougou, ya wuce kilomita 600. Wanda abin ya same shi a tsakani, ko ya tsira da ransa, ya rasa ranar kasuwa, kuma tirelar shanunsa tana can tana jira a rana. Su kansu masu ƙera mota ba sa wasa da shi: a 2005 kamfanin Toyota ya kira motoci fiye da 700,000 a Amurka domin a canja musu rotil na ƙasa.

ALAMUN DA YAKE BAYARWA

Rotil ba ya cika mutuwa bai yi sallama ba. Ga abin da za ka ji ko ka gani:

1. Ƙarar ƙwas-ƙwas ko gwaf-gwaf daga gaban mota in an hau gargada ko an taka birki a hankali.
2. Kukan ƙiii in ana murɗa sitiyari mota tana tsaye. Alamar giris ya ƙare ke nan.
3. Mota tana yawo a titi, kana ta gyara mata hannu, kamar saniyar da ba ta son bin garke.
4. Tayar gaba tana cinyewa ta gefe ɗaya, ciki ko waje.
5. Roba ta tsage, ko giris ya ɓata wurin ya kama ƙura.

YADDA AKE GWADA SHI

Ka ɗaga tayar daga ƙasa. A mota mai dogon shoka wanda sifirin ya naɗe shi, ya tashi daga mariƙin taya zuwa jikin mota, a jikin mota ake sa jak, a bar tayar tana reto. A motar da sifirin ko sandar toshin take danna hannun ƙasa kuwa, ƙarƙashin hannun ake sa jak, kusa da taya. Dalili shi ne, in ƙarfin sifirin yana kan rotil, zai matse shi, ka ga kamar lafiya lau alhali ya ci.

Sa'an nan ka kama tayar sama da ƙasa, ka tura sama ka jawo ƙasa, ka yi ta yi. In ka ji tana motsi, sai yaronka ya shiga ya danne birki, ka sake gwadawa. In motsin ya ɓace, boris ɗin taya ne. In yana nan, rotil ne ko robobin hannu. In kuwa ka kama tayar dama da hagu ne ka ji motsi, to, wajen tayarod za ka duba. Bayan haka ka zura dogon ƙarfe ƙarƙashin taya ka riƙa ɗagawa, wani yana haska rotil ɗin da tocila daga gefe, ba daga ƙarƙashin mota ba. In wuyan yana tsalle cikin ƙoƙon, ya tashi aiki.

KA SAN IRIN NAKA

Wannan shi ne sharaɗi na farko. Ana ɗaure rotil ta hanyoyi biyar:

Akwai mai noti, wanda ake ɗaurewa da noti biyu, uku ko huɗu. Irinsa ne a tsofaffin Hiace da Hilux da yawa. Shi ne aikin gida.

Akwai wanda aka haɗa da hannun gaba ɗaya, ba ya fita. Wannan sai a canja tiriyangil ɗin duka. Shi ma ana iya yinsa a gida a ƙaramar mota.

Akwai wanda ake dannawa cikin ramin hannu da injin matsi. Guduma ba ta fitar da shi lafiya, tana buɗa ramin ne, sabon ya zauna sako-sako. In ka ga irin wannan, ka kwance hannun ka kai wa mai injin matsi, ko ka kai motar.

Akwai mai ƙusar ƙarfe da aka daddaɓe tun daga kamfani. Sai an huda ƙusoshin da injin huji, sa'an nan a ɗaure sabon da notin da ya zo da shi.

Akwai kuma wanda ake murɗawa kamar murfin kwalba cikin mariƙin taya, irin na wasu motocin Peugeot kamar 405. Yana da sifanarsa ta musamman, kuma da ƙarfi ƙwarai ake ɗaure shi.

Biyun farko su ne na ƙofar gida. Ukun ƙarshe, in ba ka da kayan aikinsu, kada ka fara. Da muguwar rawa gara ƙin tashi.

SAYEN SABO

Tun da aka karya darajar sefa a Janairun 1994, kuɗin kayan da ake shigowa da su ya tashi, mutane suka ƙara komawa ga kayan hannu, waɗanda a nan ake kira Faransa-orabuwa, a Nijeriya kuma Baljiyam. Kasuwar irin waɗannan kaya ita ake kira kas. Wanda ya ga tashin kasuwar shanu daga gefen mayankar Port-Bouët a watan Yunin 2024 ya san cewa filin da aka kai ta a lokacin, tsohuwar kas ta Adjamé ce. Ƙofa, fitila, gilashi, wili, duk ana iya sayensu na hannu a ci riba. Amma ban da rotil. Ba wanda zai iya ganin cikinsa, kuma ba ka san kilomita nawa ya ci a ƙasar da ya fito ba. Ai ba ka sayen sa sai ka buɗe bakinsa ka ga haƙori. To, wannan ba shi da bakin da za a buɗe.

Ka sayi sabo. Ka tafi da kart giriz, domin lambar shasi tana ciki, mai harufa da lambobi 17 a motocin zamani, kuma da ita ake gane ainihin samfurin. Hilux da Hilux ba ɗaya ba ne. In ka riga ka cire tsohon, ka tafi da shi a gwada: tsawon wuya, kaurinsa, da tazarar ramukan noti. Bayan na kamfanin motar kansa, sunayen da aka sani a wannan fanni sun haɗa da 555 na Japan, da Lemförder na Jamus, da TRW, da Moog, da CTR na Koriya. Amma kwali ba shaida ba ne, don masu jabu ma suna buga kwali. Ka fito da shi ka murɗa wuyan da hannu. Sabo na ƙwarai yana da tauri, ba ya kaɗawa. Ka duba robar, ka duba zaren noti, ka tabbata ya zo da sabon noti da sabon fil. Ka nemi rasit. In farashin ya faɗi ƙasa da na kowa nesa ba kusa ba, ka tuna araha ba ta ado.

Kuma ka sayi biyu, dama da hagu. Hanya ɗaya suka bi, lodi ɗaya suka ɗauka. In ɗaya ya mutu, ɗayan yana kan hanya.

WURI DA KAYAN AIKI

Benayen 220 Logements an gina su ne tun lokacin da mota ba ta yi yawa ba, yau kuwa unguwar cike take da gbaka da tasi da masu talla, tun daga mahaɗar Liberté har wajen gidan jaridar Fraternité Matin. Adjamé kuma gari ne mai hawa da gangara. Saboda haka kada ka ɗaga mota a bakin titi, kada ka ɗaga ta a gangare, kada kuma a kan ƙasar da ruwa ya jiƙa. Ka nemi daɓen siminti mai daidai cikin gida ko farfajiya, da izinin mai wurin. Treichville shimfiɗaɗɗiya ce, amma can ma sharaɗin ɗaya ne. A kori yara daga wurin. A fara da safe, don kada magariba ta same ka mota tana sama. Kuma kada a yi aikin ranar da za a kama hanya. Ba a fafe gora ranar tafiya.

Kayan da ake bukata: jak mai ƙarfi, ƙafafun ƙarfe biyu na tokare mota, waɗanda ake kira shandal, waigi na katako, sifanoni da dogon ƙarfe na ƙara ƙarfi, abin cire rotil mai noti, wanda ake kira arash-rotil, sifana mai awon ƙarfin ɗauri, guduma, filaya, burushin ƙarfe, man sassauta tsatsa, da 'yar waya. Bulon siminti ba abin tokare mota ba ne, yana fashewa ba sallama. Jak kuma na ɗagawa ne, ba na riƙewa ba. Wannan shi ne sharaɗi na biyu.

YADDA AKE AIKIN

1. Tun daren jiya ka fesa man tsatsa a kan dukkan notin da za ka kwance.

2. Ka ja birkin hannu, ka sa giya, ka sa waigi gaba da bayan tayoyin baya. Ka sassauta notin taya tun tana ƙasa.

3. Ka ɗaga mota, ka sa shandal ƙarƙashin shasi, ka sauke nauyin a kansa. Ka girgiza motar da hannu ka ga ta zauna. Ka cire taya ka tura ta ƙarƙashin mota, ta zama kariya ta biyu.

4. In sifirin ko sandar toshin tana danna hannun ƙasa, ka sa jak ƙarƙashin hannun ka ɗan ɗaga shi, kuma ka bar shi nan har a gama. Nan ne haɗarin aikin yake. Sifirin da ke matse yana ɗauke da ƙarfin da zai karya hannu ko muƙamuƙi. In ka raba rotil ba ka tokare hannun ba, zai harba kamar bajimin da ya tsinke igiya. In kuwa toshin ɗin a hannun sama yake, ko ba ka gane inda ƙarfin yake ba, ka tsaya ka tambayi bakanike.

5. In kalifar birki ta tare maka hanya, ka kwance ta ka rataye ta da waya. Kada ka bar ta tana reto a kan tiyo. In akwai wayar ABS, ka zare ta daga maƙalinta.

6. Ka miƙe ƙafafun fil ɗin da filaya ka zare shi. Ka sassauta notin wuya, amma kada ka cire shi duka. Ka bar shi a bakin zare, don ya tare in abin ya ɓalle.

7. Ka sa arash-rotil ka riƙa ɗaurewa har ka ji ya yi ƙara ya saki. Wuyan siriri ne a sama, mai kauri a ƙasa, shi ya sa yake kamawa tamau. In ya ƙi, ka buga gefen ƙarfen da wuyan ya shiga, arash ɗin yana matse. Kada ka doki kan zaren. A wasu ƙananan motoci ba haka ba ne, noti ɗaya ne ya ratsa ta gefe ya matse wuyan. Shi sai a zare shi gaba ɗaya, a danna hannun ƙasa.

8. A mota mai ja da ƙafar gaba, kada ka jawo mariƙin taya waje da yawa, don kada kardan ya zare daga cikin giyabos.

9. Ka kwance notin da ke riƙe da ƙoƙon, ka cire tsohon. Ka goge wurin da burushi. Ka duba ramin da wuyan ke shiga. In ya buɗe, ko ya zama kamar ƙwai, ko ka ga tsaga, sabon rotil ba zai zauna ba, sai an canja mariƙin.

10. Ka sa sabon. Wuyan da raminsa su kasance a bushe, ba giris, ba mai. Ka ɗaure kowane noti da sifana mai awo, daidai adadin da littafin motar ya faɗa, don kowace mota da nata. In ramin fil bai zo daidai da haƙoran noti ba, ka ƙara ɗaurewa kaɗan, kada ka sassauta. Ka sa sabon fil ka lanƙwasa ƙafafunsa. In noti mai roba a ciki ne, ba a maimaita tsoho.

11. In rotil ɗin yana da kan shan giris, ka ba shi har robar ta ɗan kumbura, ka tsaya. In ka cika, za ta fashe.

12. In tiriyangil duka ka canja, kada ka gama ɗaure notin robobinsa sai mota ta sauka nauyinta yana kan tayoyi. In ka ɗaure su tana sama, robobin za su murɗe su yage da wuri.

13. Ka mayar da birki da waya da taya. Ka sauke mota, ka ɗaure notin taya ɗaya nan ɗaya can. Kafin ka motsa, ka taka birki sau da yawa har ya yi tauri. Sa'an nan ka koma ɗaya gefen.

ABIN DA BA A YI

Akwai dabarun bakin hanya da aka saba gani. Wani ya doddoki bayan ƙoƙon da guduma don ya matse. Wani ya cusa roba ko fata a ciki. Wani ya kai wa mai walda. Wani ya gasa wurin da wuta don ya fita da sauƙi. Wani ya sa ƙusa a madadin fil. Duk waɗannan suna kashe ƙarar ne kawai, ciwon yana nan. Wuta tana canja ƙarfin ƙarfe, walda kuma tana sa shi ya karye farat ɗaya. Gara rotil mai ƙara, wanda ke tuna maka ka rage gudu, da wanda aka toshe wa baki. In bakanike ya ce zai gyara maka tsohon a rabin kuɗi, ka yi masa godiya, ka ce sabo kake so.

AIKI BAI ƘARE BA SAI AN YI SAITI

Sharaɗi na uku ke nan, kuma shi aka fi tsallakewa. Ko yaya ka yi hankali, tsayuwar taya takan ɗan canja bayan an taɓa rotil. Ka kai motar wurin masu saitin tayoyi, abin da ake kira faralelis a Abijan, alaimen a Nijeriya. Wannan ba a yinsa da ido. In ka ƙi, tayoyin gaba za su cinye ta gefe, abin da ka tsira da shi na kuɗin aiki ya tafi wurin mai taya har da ƙari.

Bayan saiti ka zaga cikin gari a hankali, gilashi a buɗe, rediyo a kashe, kana saurare. In an yi kilomita 50 zuwa 100, ka sake bin notin taya, ka leƙa ka ga fil yana nan. Masu bizit, irin su SICTA, suna duba motsin waɗannan gaɓoɓi, amma takardar bizit shaidar ranar da aka duba ce kawai. Tsakanin bizit da bizit, kai ne mai duba.

Saboda haka muna ba 'yan ƙungiya shawara: duk lokacin da aka yi juyen mai, a leƙa robobin rotil, a ba masu shan giris nasu. Duk lokacin da za a hau arewa, ko ta Pogo zuwa Sikasso, ko ta Niangoloko zuwa Bobo-Dioulasso, a ɗaga gaban mota kwana biyu kafin tafiya a girgiza tayoyin. Aikin minti goma ne. A koya wa direbobi da yaran mota, kuma in direba ya ce yana jin ƙara a gaba, Alhaji, kada a ce masa sai mun dawo. Wanda yake da kayan aiki ya ara wa ɗan uwansa, wanda ya iya ya tsaya wa wanda bai iya ba a karon farko.

Allah Ya kiyaye hanya, Ya ba da kasuwa mai albarka.